Shuɗiyar Rigar Maradona da Gabar Menotti da Bilardo

Ranar 4 ga Mayu, 2022, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke Landan ya rufe ciniki a kan wata shuɗiyar riga mai gajeren hannu, mai lamba 10 a baya. Wanda ya saye ta bai yarda a faɗi sunansa ba, amma kuɗin da ya biya ya fito fili: fam miliyan 7 da dubu 142 da 500. A lokacin, ba a taɓa sayen rigar da wani ɗan wasa ya buga wasa da ita a kan irin wannan farashi ba, a kowane irin wasa kuwa. Rigar ita ce wadda Diego Maradona ya saka ranar 22 ga Yuni, 1986, a filin Azteca na birnin Meziko, lokacin da Ajantina ta ci Ingila 2-1 a zagayen kwata-fainal na Gasar Cin Kofin Duniya.

Mai rigar shi ne Steve Hodge, ɗan wasan tsakiyar Ingila. Shi ne ya ɗaga ƙwallon nan sama da nufin kawar da ita, ta nufi ragarsu, Maradona ya yi tsalle ya riga gola Peter Shilton taɓa ta, da hannu. Da aka tashi, Hodge ya haɗu da Maradona a hanyar shiga ɗakin sauya kaya, ya ja bakin rigarsa alamar a yi musaya, Maradona ya amince. Rigar ta yi shekaru a gidan Hodge, sannan ta yi kusan shekara ashirin a matsayin aro a gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila, wanda yanzu yake Manchester.

Masu kallo da yawa sun san wannan ɓangare na labarin. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, rigar ba daga masana'anta aka aiko wa 'yan wasan Ajantina da ita ba. A kanti aka sayo ta, kwanaki kaɗan kafin wasan, saboda kocinsu mutum ne da ƙaramin abu ke hana shi barci.

Kocin, Carlos Salvador Bilardo, ya san cewa za a riƙa buga wasannin Meziko da tsakar rana don masu kallon talabijin a Turai, kuma birnin yana kan tudun da ya haura mita 2,200, inda numfashi ke wa baƙo wuya. Tun kafin gasar ya nemi kamfanin Le Coq Sportif ya ɗinka musu rigarsu ta gida, mai ratsin fari da shuɗi-shuɗi, da yadi mai ƙananan huji da iska ke ratsawa. Kamfanin ya yi. Amma rigar ko-ta-kwana, wato shuɗiyar da ake sakawa idan launi ya zo ɗaya da na abokan karawa, ta auduga ce mai kauri. Da ita suka buga da Urugwai a Puebla ranar 16 ga Yuni, suka ci 1-0, kuma kafin a tashi ta jiƙe sharkaf ta yi wa 'yan wasa nauyi. Da aka ce da Ingila ma shuɗiyar za su saka, Bilardo ya ƙi. Lokaci ya ƙure wa kamfanin, don haka aka tura wani ma'aikacin tawagar, Rubén Moschella, ya zagaya kantunan birnin. Ya dawo da samfur biyu masu tambarin zakaran Le Coq Sportif, ana cikin shawara Maradona ya shigo ya nuna ɗaya. Aka sayo guda 38. Matan da ke aiki a sansanin ƙungiyar América, inda tawagar ta sauka, suka zauna suka ɗinka tambarin hukumar ƙwallon Ajantina da gaggawa, aka manna lambobi masu ruwan azurfa da asalinsu na rigunan ƙwallon Amurka ne, irin wadda ake ɗauka a hannu a ruga da ita.

Wannan gaggawa ce ta sa rigar ta fita daban da kowace riga da Ajantina ta taɓa sakawa. Sau ɗaya tak aka buga wasa da irinta.

Bilardo likita ne, ya karanci aikin kula da lafiyar mata, yana karatu yana buga tamaula. 'Yan ƙasarsu na kiransa El Narigón saboda girman hancinsa. Ya yi suna a ƙungiyar Estudiantes ta garin La Plata, ƙarƙashin koci Osvaldo Zubeldía, wanda ya ɗauki ƙaramar ƙungiya ya ci Kofin Libertadores na Kudancin Amurka da ita sau uku a jere, 1968 da 1969 da 1970. Estudiantes ba ta zo nishaɗantar da kowa ba. Suna maimaita bugun kusurwa da bugun tazara a wajen atisaye har sai kowa ya haddace inda zai tsaya, suna ɗana tarkon satar gida, suna nazarin abokin karawa har su san abin da ke ɓata masa rai. A 1968 suka doke Manchester United ta Matt Busby a kofin zakarun nahiyoyi: 1-0 a Buenos Aires, inda aka kori Nobby Stiles, sannan 1-1 a Old Trafford, inda aka kori George Best. Wanda ya ci musu ƙwallo a Old Trafford shi ne Juan Ramón Verón, mahaifin Juan Sebastián Verón da ya zo ya buga wa United daga baya. Shekara ɗaya bayan haka, karawarsu da AC Milan ta yi muni har aka kai 'yan wasansu uku gidan yari. A wannan makaranta Bilardo ya taso, kuma bai taɓa jin kunyar faɗin darasinta ba: wanda ya ci shi ake tunawa, na biyu kuwa ba a tambayar sunansa.

César Luis Menotti tsaransa ne, amma kamar ba ƙasa ɗaya ta haife su ba. Dogo ne siriri, shi ya sa ake ce masa El Flaco, mai dogon gashi, sigari ba ya barin yatsunsa. Haifaffen Rosario ne, ya buga wa Rosario Central da Racing da Boca Juniors, har ya taɓa zama a Santos tare da Pelé. A 1973 ya ci gasar Ajantina da Huracán, da 'yan wasa irin su René Houseman da Miguel Brindisi da Carlos Babington, kuma har yau tsofaffin masu kallo na ambaton wannan ƙungiya idan ana maganar wasa mai daɗin kallo. A ganinsa ƙwallo ta talaka ce. Ma'aikacin da ya yi mako yana wahala ya cire kuɗin tikiti daga aljihunsa yana da haƙƙin ya ga gwaninta, ya ga an yanke mutum, an miƙa ƙwallo daga ƙafa zuwa ƙafa. Har ya raba wasan gida biyu da harshen siyasa, ya ce akwai ƙwallon masu ra'ayin sauyi da ke girmama basirar ɗan wasa, akwai ta masu ra'ayin riƙau da ke mayar da shi ma'aikacin da sakamako kawai ake nema a wajensa.

An ba shi tawagar ƙasa a 1974, kuma shi ne ya fara mayar da ita abin da ake shiryawa da tsari, ba taron 'yan wasan da ake kira ana gobe wasa ba. Ya je larduna ya nemo matasa, ya dage ƙungiyoyi su riƙa sakin 'yan wasansu. Ranar 25 ga Yuni, 1978, Ajantina ta ci Holan 3-1 bayan ƙarin lokaci a filin Monumental, Mario Kempes ya zura biyu, Daniel Bertoni ɗaya. Kofin duniyarsu na farko ke nan.

Sai dai wannan kofi yana da tabo. Sojoji ƙarƙashin Janar Jorge Rafael Videla sun ƙwace mulki a Maris 1976, suna sace mutane suna azabtarwa, kuma ɗaya daga cikin manyan wuraren azabtarwar, makarantar sojan ruwa ta ESMA, ba ta kai kilomita biyu daga filin da aka buga wasan ƙarshe ba. Menotti, wanda ya yi tarayya da jam'iyyar kwaminisanci, shi ne ya kawo wa wannan gwamnati abin da ta fi buƙata don wanke kanta a idon duniya. Ga kuma cin da suka yi wa Peru 6-0 a daidai lokacin da suke buƙatar tazarar ƙwallo huɗu, wanda har yau ake tantama a kansa. Menotti ya rayu yana amsa tambayoyi a kan wannan, yana cewa don 'yan kallon da suka cika fili suka buga, ba don masu kaki ba. Amsa ce mai nauyi, amma ba ta isa ta rufe maganar ba, kuma magoya bayan Bilardo ba su taɓa bari a manta ba.

Maradona ya ratsa ta hannun su biyun. Menotti ne ya fara saka shi a tawagar ƙasa a Fabrairun 1977, yana ɗan shekara 16, a wasa da Hungary. Menotti ne kuma ya cire sunansa daga jerin 'yan wasa 22 na 1978, ya ce yaro ne, lokacinsa na tafe. Maradona ya yi kuka, kuma har ya rasu bai daina cewa wannan ne baƙin ciki mafi girma da ya gani a wasa ba. Duk da haka tare suka ci kofin duniya na matasa a Japan a 1979, tare suka sha kashi a Sifaniya a 1982, inda aka ba Maradona jan kati a wasa da Birazil, tare kuma suka yi aiki a Barcelona.

Bayan faɗuwar 1982, shugaban hukumar ƙwallon Ajantina, Julio Grondona, ya ɗauko Bilardo, wanda bai daɗe da cin gasar ƙasa da Estudiantes ba. Da farko babu gaba tsakaninsa da Menotti. A 1983 Bilardo ya je har Barcelona suka zauna da Menotti suka tattauna. Amma ya dawo ya yi abin da ya ga dama wajen zaɓen 'yan wasa, kuma da tawagarsa ta sha kashi 2-0 a hannun Valladolid a wasan sada zumunta a wannan shekarar, Menotti ya fito a jarida ya ce ana zubar da mutuncin rigar ƙasa. Bilardo ya mayar da martani mai zafi. Daga nan ba su ƙara shiri ba. 'Yan jarida suka rabu, masu horarwa suka rabu, har masu shan kofi a shaguna suka rabu: wannan ɗan Menotti ne, wancan ɗan Bilardo ne. Abu na farko da Bilardo ya yi da ya nuna sabon zamani ya zo shi ne karɓe kambun kyaftin daga Daniel Passarella, wanda ya ɗaga kofin 1978, ya ba Maradona.

A Meziko Bilardo ya tsara 'yan baya uku, 'yan tsakiya biyar, 'yan gaba biyu, kowa da aikin da aka ɗora masa, don mutum ɗaya ya samu 'yancin yin abin da ya so. Nan ne labarin shuɗiyar riga ya fi daɗi. A minti na 51 Maradona ya ci da hannu, alƙalin wasa Ali Bin Nasser na Tunisiya bai gani ba. Wannan ƙwallo ta gidan Estudiantes ce: in dama ta samu ka ɗauka, hukunci aikin alƙali ne. Bayan minti huɗu ya karɓi ƙwallo daga cikin gidansu, ya yanke Beardsley da Reid, ya wuce Butcher da Fenwick, ya kwantar da Shilton, ya zura. Wannan kuwa ita ce irin ƙwallon da Menotti ya shekara yana wa'azinta. Duk abin da mutanen biyu suka yi ta jayayya a kai ya faru cikin minti huɗu, a jikin riga ɗaya, shekara huɗu bayan yaƙin tsibiran Falkland da ya ci sojojin Ajantina 649 da na Birtaniya 255. Wanda ya biya fam miliyan 7 ba yadi ya saya ba, domin yadin na kanti ne. Wannan rana ya saya, kuma rigar na cikin 'yan abubuwan da suka rage na ranar da mutum zai iya taɓawa.

Ajantina ta ci Jamus ta Yamma 3-2 a wasan ƙarshe ranar 29 ga Yuni. 'Yan wasan sun sha ba da labarin yadda suka tarar da kocinsu a murtuke ana tsakiyar murna, saboda ƙwallaye biyun da aka zura musu duk daga bugun kusurwa suka fito, abin da ya fi komai horar da su a kai.

A 1990 masu kallo a Afirka sun ga ɗaya fuskar tsarin Bilardo. Kamaru ta ci su 1-0 a wasan buɗe gasa a Milan da kan François Omam-Biyik, kuma ta gama wasan da 'yan wasa tara. Ajantina ta lallaɓa da tsaron gida da bugun fenareti har wasan ƙarshe, inda Jamus ta Yamma ta ci ta 1-0, aka kori 'yan wasanta biyu. Bilardo ya tafi Sevilla, inda kyamara ta kama shi yana yi wa mai duba lafiyar ƙungiyarsa ihu don ya tsaya taimakon ɗan wasan abokan karawa da ya ji rauni. Daga baya har tawagar Libiya ya horar. A Nuwamban 1996 suka haɗu a bakin fili, Bilardo da Boca Juniors, Menotti da Independiente, Independiente ta ci 1-0. Wasan bai sasanta komai ba.

Ga mai neman tsofaffin kayan ƙwallo, irin wannan tarihi shi ne jari. Riguna iri uku ne a wannan kasuwa. Akwai wadda ɗan wasa ya buga wasa da ita, ita ce mai tsada. Akwai wadda aka ɗinka masa don wasan amma bai saka ba. Akwai ta magoya baya da ake sayarwa a kanti. Tazarar farashi tsakanin ta farko da ta uku na iya zama tazarar gida da kuɗin cefane, shi ya sa jabu suka yi yawa. Masana na duba takardar wuya da ta gefe, irin zaren ɗinki, ko tambarin ɗinka shi aka yi ko manna shi, siffar lambobi, da kuma hannayen da rigar ta bi tun daga ranar wasa. Wasiƙar ɗan wasa ko ta iyalinsa na da daraja, amma ita kaɗai ba ta wadatarwa, domin 'yan wasa kan manta, kuma a manyan wasanni sukan sauya riga a hutun rabin lokaci.

Wannan batu na sauya riga ya kusa ɓata cinikin Hodge. Ana dab da fara gwanjo, Dalma, babbar 'yar Maradona, ta fito ta ce rigar da ke hannun Hodge ta rabin farko ce, ba wadda aka ci ƙwallayen da ita ba. Sotheby's ta dogara da binciken wani kamfani mai suna Resolution Photomatching, wanda aikinsa shi ne ƙara girman hotunan wasa a gwada su da rigar da ke hannu, zare da zare. A nan gaggawar matan sansanin América ta yi rana. Tun da hannu aka ɗinka kowane tambari, ba biyu da suka zauna daidai wa daida. Ga zaren da ya zarce a gefe, ga yadda lamba ta ɗan karkace a kan ratsin yadin. Kamfanin ya ce waɗannan alamu sun dace da hotunan rabin lokaci na biyu, ciniki ya ci gaba.

Wani lokaci sanin tarihi kaɗai ya isa ya tona asirin mai jabu. A 1978 Ajantina ta raba lambobi bisa jerin haruffan sunaye, ba bisa wurin da mutum ke bugawa ba. Ɗan wasan tsakiya Norberto Alonso ne ya saka lamba 1, Osvaldo Ardiles lamba 2, gola Ubaldo Fillol kuwa lamba 5. A 1982 Ardiles ya koma lamba 1, Fillol ya saka 7. A 1986 gola Nery Pumpido lamba 18 ce a bayansa, sai Passarella da Maradona da Jorge Valdano aka bar musu 6 da 10 da 11. Duk wanda ya kawo rigar golan Ajantina ta wasan ƙarshe na 1978 da lamba 1 a baya, ya kawo ƙarya. Haka rigar José Luis Brown ta wasan ƙarshe na 1986: ya ci ƙwallon farko, kafaɗarsa ta goce, ya ƙi fita, ya huda rigar ya soka yatsa a ciki don ya rataye hannun. A wajen mai tara kaya, wannan huji ya fi sabuwar riga daraja, shi ya sa ba a wanke irin waɗannan kaya, ba a gyara yagewarsu.

Su kansu masu horarwa ba su cika barin abin sayarwa ba. Ba su da lamba a baya, ba a musayar kwat a bakin fili. Abin da suka bari yana cikin takardu: littattafan da suke zana tsarin wasa, lambobin yabo, hotuna, kasakasan bidiyo irin waɗanda Bilardo ya tara da yawa yana nazarin abokan karawa, da tsofaffin jaridu. Wanda ke son bin gabar mutanen nan biyu daga tushe, mujallar El Gráfico zai nema, wadda aka kafa a Buenos Aires a 1919 ta daina fitowa a takarda a 2018. A shafukanta da na jaridar Clarín aka yi yawancin musayar kalaman, kuma kofen makon da aka ci kofin 1978 ko na 1986 abin nema ne da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya.

Kasuwar ba ta attajirai kaɗai ba ce, ko da yake labarinsu aka fi ji. Rigar da Pelé ya saka a wasan ƙarshe na 1970 ta tashi fam 157,750 a Christie's a 2002, kuɗin da a lokacin aka ga ya yi yawa. Manchester United ta sayi lambar zinaren Kofin Duniya ta 1966 ta Nobby Stiles, wanda Estudiantes ta sa aka kora, a kan fam 188,200 a 2010. Littafin dokokin ƙungiyar Sheffield, ƙungiyar ƙwallon ƙafa mafi tsufa a duniya, ya kai fam 881,250 a 2011. A ƙasa da wannan akwai dubban mutane da ke tara tikitin wasa, ɗan littafin jerin 'yan wasa da ake sayarwa a ƙofar fili, tutocin da kyaftin-kyaftin ke musaya, da hotunan mannawa na kamfanin Panini na Modena a Italiya, wanda ya fara fitar da kundin Kofin Duniya a 1970. A 2006 wasu ɗalibai biyu a Manchester, Doug Bierton da Matthew Dale, suka fara sayar da tsofaffin rigunan magoya baya ta intanet da sunan Classic Football Shirts, yau kuma kamfani ne mai shaguna a birane da dama.

Mai karatu a Kano ko Maradi ba baƙo ba ne a wannan harka kamar yadda zai zata. Dilolin gwanjo da ake kwancewa a kasuwanni irin Ƙofar Wambai daga ƙasashen da aka yi waɗannan riguna suke fitowa, kuma a cikinsu akan ci karo da jesin ƙungiyoyin Turai na shekarun 1990, na asali, da takardar wuyansu. Rigunan Afirka ma suna cikin waɗanda masu tarawa ke nema ido rufe: ta Najeriya ta 1994, wadda da ita aka kara da Ajantina ranar 25 ga Yuni a Foxborough, wasan da ya zama na ƙarshe ga Maradona a tawagar ƙasarsa kafin gwajin ƙwaya ya fitar da shi, ta Atlanta 1996, lokacin da su Kanu da Babayaro da Amokachi da Amunike suka ci Ajantina 3-2 suka ɗauki zinare, kocin Ajantinar kuwa Passarella ne, da marar hannu ta Kamaru ta 2002, wadda ta ci kofin Afirka da ita a Mali kafin FIFA ta hana saka ta a Kofin Duniya. Wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan a ƙasan akwati, ya kiyaye ta daga rana da danshi, kada ya goge lambar da dutsen guga.

A Ajantina gabar ta yi sanyi ne ta hanyar almajirai. Diego Simeone ya buga ƙarƙashin Bilardo a tawagar ƙasa da Sevilla, kuma duk wanda ya kalli Atlético Madrid ƙarƙashin horarwarsa ya san inda ya sha nono. Pep Guardiola ya je Ajantina a 2006 ya zauna da Menotti da Marcelo Bielsa kafin ya fara horarwa. A 2019 aka naɗa Menotti daraktan tawagogin ƙasa, ya tsaya wa Lionel Scaloni, matashin kocin da mutane da yawa ke ganin bai cancanta ba, wanda kuma ya taɓa buga wa Estudiantes. Tawagar da ta ci kofi a Katar a 2022 tana riƙe ƙwallo idan wasa ya nemi haka, tana cizo idan ya nemi haka, kuma kowane ɓangare ya ce tasa ce. Riguna shida da Lionel Messi ya saka a wannan gasa sun tashi dala miliyan 7.8 a Sotheby's a Disamban 2023. Menotti ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2024, yana da shekara 85. Bilardo na fama da ciwon ƙwaƙwalwa tun 2018, har iyalinsa suka daɗe suna ɓoye masa rasuwar Maradona ta Nuwamban 2020.

Tambayar da ta fi ci wa 'yan Ajantina tuwo a ƙwarya yanzu ita ce wa ya kamata ya mallaki waɗannan kaya. Marcelo Ordás, ɗan ƙasar da ya shafe shekaru yana tara rigunan wasa, ya je Landan da goyon bayan wasu don ya mayar da shuɗiyar rigar gida, aka fi shi tayi. Yana da gaskiya da ya ji zafi, domin abin da al'umma guda ke ɗauka tarihinta bai kamata ganinsa ya dogara da ra'ayin mutum ɗaya da ba a san sunansa ba, ko da yake mai ita ya ba da aronta an nuna a wani gidan tarihin wasanni a Doha lokacin gasar 2022. Lothar Matthäus ya bi wata hanyar. Shi aka sa ya tsare Maradona a wasan ƙarshe na 1986, suka yi musayar riga, kuma a Agustan 2022 ya miƙa ta kyauta a ofishin jakadancin Ajantina da ke Madrid. Alƙali Bin Nasser kuwa ya fito da ƙwallon wasan Ingila, wadda ya ajiye shekara 36, aka kai tayin fam miliyan 2 a kanta a Landan a Nuwamban wannan shekarar.

Sai kyautar ƙwallon zinare da aka ba Maradona a matsayin gwarzon gasar 1986. Ta ɓace shekaru da dama, sannan ta ɓulla a hannun wani mai tara kaya da ya ce ya saye ta a 2016 a Paris cikin tarin kofuna, ba tare da ya san mece ce ba. Kamfanin gwanjo na Aguttes ya sa ranar sayar da ita a Yunin 2024. Magadan Maradona suka garzaya kotu suka ce sace ta aka yi, kotun ɗaukaka ƙara a Faransa ta ba da umarnin a tsare ta, aka janye ta daga gwanjo kafin ranar ta zo.